Burtalin da Na Taƙaita

Shekara tara na yi ina sana'ar rage maganar mutane. A takarda sunan aikin sakataren kwamiti, amma ainihinsa ke nan: mutum ya yi magana har maƙogwaronsa ya bushe, ni kuma in mayar da ita layi biyu cikin Turanci. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Iyawar ce ma ta sa wani gida na makiyaya suka rasa hanyar da shanunsu ke bi zuwa ruwa, kuma labarin da zan bayar ke nan.

A Kaura Namoda na koya, a wata 'yar makarantar buga tafireta da ke bayan tashar jirgi. Mai makarantar tsohon akawun reluwe ne, mutumin kudu, wanda ya zauna a Kaura har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi ya fara nuna mini cewa Turawa ba su da aiki sai ƙirƙiro kalmomin ragewa. Mu da taƙaita da gajarta da datsewa da ragewa mun ƙoshi, su kuwa kowane irin ragi da sunansa. Idan littafi ne aka rage don yara, ya ce *abridge* ake cewa. Idan labari ne ka tsame kansa ka bar gangar jikin, *summarise*. Idan wa'adi ne ko 'yancin mutum aka datse, *curtail*, kuma ya ce wannan ba ta ƙananan ma'aikata ba ce, mu dai mu san ta don ranar da za a yi mana. Yana da wata ƙa'ida da yake maimaitawa kullum: da zarar ka buga tsabtataccen kwafi, ka yayyaga na hannu, don kada taro ɗaya ya zama yana da baki biyu. Na riƙe wannan ƙa'ida fiye da yadda na riƙe wasu karatun da suka fi ta amfani.

Da na gama, na koma garinmu, wani ƙaramin gari tsakanin Zurmi da Moriki. Dattawa sun kafa kwamitin sulhu na manoma da makiyaya, suna neman wanda zai riƙa rubuta abin da aka ce. Rahoton kowane zama da Turanci ake yin sa, domin ana aika kwafi sama, kuma na sama sun ce kada ya wuce shafi ɗaya. Ban taɓa ganin na saman nan ba, ban kuma taɓa jin sun amsa ba, amma shafi ɗayansu ya fi ƙarfin kowa a garin.

Ciyaman ɗinmu tsohon hedimasta ne, mutumin kirki, wanda ya yi ritaya daga makaranta amma jan bironsa bai yi ba. Idan na kai masa rahoto, ba ya cewa komai. Zai sa tabarau, ya karanta, ya rubuta kalma ɗaya a gefen takarda, ya miƙo mini. Da sannu na koyi harshensa. Idan ya rubuta *trim*, aikin ya yi kyau, gyaran fuska kawai yake so irin na wanzami: a cire gaisuwa, a cire "Allah ya ja zamanin" wane, a cire wanda ya yi tari aka jira shi. Idan ya rubuta *condense*, to yana so duk abin da ke ciki ya zauna, amma ruwan ya tsotse, kamar miyar da aka bari a kan wuta. Wannan ita ce mai wahala, kuma ita na fi jin daɗi, don a nan ake gane sakatare. Idan kuwa ya ja layi ya rubuta *cut*, babu shawara, sakin layin nan ya gama kwanansa. Sau ɗaya ya rubuta mini *prune*, na je na duba ƙamus na ga sassabe reshen itace ne. Na yi kwana biyu ina jin kaina wani babba.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar aba da na fi ƙauna duk a cikinsu, harafi uku da ɗigo: *etc.* Ma'anarta "da sauransu". Mutum zai lissafo abu goma sha biyu, ka rubuta biyu na farko, ka sa mata sauran a baki ta haɗiye. Ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba. Har a gida na fara amfani da ita. Matata ta aike ni kasuwa da jerin cefane, na rubuta "manja, daddawa, etc." na dawo da manja da daddawa. Ta ce in je in dafa sauran da kaina, tun da ni na san inda na ajiye su.

A shekarata ta uku a aikin aka yi zaman burtali. Burtali shi ne hanyar da ake bari tsakanin gonaki don shanu su wuce, kuma namu ya taso ne daga rugar da ke arewacin gari ya gangara gulbi. Kowace damina sai an ɗan ci gefensa, wannan ya ƙara kunya ɗaya, wancan biyu, har wata saniya ta shiga geron wani aka kusa fid da sanduna. Aka kira kowa ƙofar gidan mai gari bayan azahar. Aka shimfiɗa tabarmi, ni kuma aka ba ni benci saboda rubutu.

Cikin makiyayan akwai wani dattijo, siriri, mai farin gemu ɗan kaɗan, wanda aka ce a rugar aka haife shi, aka haifi ubansa. Shi aka ce ya faɗi inda burtalin yake tun asali. Bai tashi tsaye ba. Ya ɗora sandarsa a kan gwiwa ya fara.

"Daga tsamiyar bakin rugga ta ka tashi," ya ce. "In ka baro tsamiya, ka bar suri ga hannunka na dama. Surin nan ba shi mutuwa, ko an rushe shi sai ya taso."

Daga nan ya bi hanyar da baki, taki bayan taki. Kowace alama sai ya tsaya ya ba da labarinta: wa ya haƙa rijiyar da ta rufta, shekarar da aka yi yunwa wa ya sare reshen gawon, kakan wa cikin manoman da ke zaune ya tsaya tare da ubansa suka kafa dutse. Yakan nuna mutum da haɓa ya ce, "Kakanka na nan ranar, shi yad ɗauko dutcen." Mutumin kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, ya ji wannan a gida. Ya faɗi faɗin hanyar a kowane wuri, inda shanu goma za su jera da inda sai biyar. Ni ina rubutu hannuna na ciwo, ina kuma jin haushi a raina, don na san duk wannan ni zai zame wa aiki. Bai gama ba sai da ladan ya kira la'asar.

Abin mamaki, babu wanda ya musa ko kalma ɗaya. Mai gari ya tambaya sau uku ko akwai mai magana, ba a samu ba. Ya ce to an amince, burtali yana nan yadda dattijo ya faɗa, sakatare ya rubuta. Aka yi fatiha. Dattijon ya zo wucewa ta gaban bencina, ya tsaya ya leƙa littafin, ko da yake ba ya karatun boko.

"Malam, ka samu duka?"

"Na samu, Baba."

"To madalla. Takarda ba ta mantuwa awa mu."

Shafi biyar na cika da Hausa. Na juya su Turanci suka zama huɗu, na kai wa ciyaman. Ya rubuta *condense*. Na zauna na tsotse ruwan: labarin rijiya ya fita, shekarar yunwa ta fita, kakannin mutane suka koma kabarinsu. Ya zama shafi biyu, alamomin hanyar suna nan a jere. Na kai, ya ja layi a wurare biyu ya sa *cut*, amma ba a kan alamomin ba, wannan dole in faɗi gaskiya. Jawabin mai gari ya yanke da nasa na kansa. Da ya ga saura shafi ɗaya da kwata, ya rubuta *trim* a sama, ya tafi masallaci. Kwatan nan ni aka bar wa. Na duba abin da ya fi tsawo, na ga jerin itatuwa da duwatsu ne. Na ce a raina ai kowa a garin nan ya san su, yaro ma ya san kukar da ke bakin hanyar. Sai na buga cewa wani dattijo daga cikin makiyaya ya bayyana burtalin daga tsamiya, suri, *etc.*, zuwa gulbi, kuma taro ya amince. Ciyaman ya sa hannu, mai gari ya dangwala, na aika kwafi sama. Sa'an nan na yayyaga na hannu kamar yadda aka koya mini, na zuba a murhu.

Shekaru suka wuce. Hanyoyi suka lalace, ba lalacewar kwalta ba, ta ɓarayin daji. Gonakin nesa suka gagari zuwa, mutanen ƙauyukan da ke bayanmu suka taso da tabarmi da tukwane suka cika garin. Ciyaman ya rasu, mai gari ya rasu ɗansa ya hau, dattijon rugar ma na ji ya rasu. Kwamiti ya watse ba tare da an ce ya watse ba. Ni na kwashe iyalina na koma Kaura, na buɗe shagon buga takardu da fotokwafi kusa da inda ɗalibai ke wucewa. Fayil ɗin kwamiti yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburina, na ɗora injin a kansa.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani mutum ya yi sallama a ƙofar shagon. Zai yi shekara arba'in da wani abu, da malafa a hannu da ƙurar kabu-kabu har gira. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da gajiya da zaman baƙunta. Sai da ya zauna a bakin benci ya ɗora hannu a gwiwa na gane ɗan wane ne: ɗan dattijon rugar.

Ya ce baƙin da suka zo gari ba su da inda za su noma, sabon mai gari ya yanka musu filin da ke kusa, filin kuwa ya hau burtali. Bai zarge su ba, ya ce su ma da yunwarsu. Amma bana an shuke hanyar gaba ɗaya, shanu ba su da ta inda za su gangara gulbi, kuma a irin wannan zamani saniya ɗaya ta taɓa geron wani, ba sanda za a fitar ba. Sun kai kuka. Mai gari ya ce shi bai halarci wancan zama ba, amma ya san an yi, a kawo takardar. Abin da ke rubuce zai sa a bari, ko da an shuka.

"In babu hanyar ga, Malam, ba mu iya zama," ya ce. "Sai mu tashi. Kuma tsohuwata ta ce ita ba ta barin kabarin mijinta. Baba yac ce muna kai ka rubuta duka."

Na sauke injin, na buɗe akwatin. Ina neman takardar ina fata gara ta cinye ta. Ba ta ci ba, tana nan fes, har da dangwalen marigayi. Na karanta a zuci, na sake karantawa, sa'an nan na fassara masa da Hausa. Bai ɗauke ni numfashi biyu ba.

Ya jira in ci gaba. Da ya ga na ɗago kai ya ce, "Sai mi?"

"Shi ke nan."

"A'a, wurin da yaf fara lissahi. Bayan suri."

"Bayan suri an sa 'da sauransu'."

"Su wa?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yi masa bayanin shafi ɗaya, na yi masa bayanin na sama, har na fara gaya masa bambancin *trim* da *condense*, sai na ji abin da bakina ke yi na rufe shi. Ya saurara da ladabi har ƙarshe. Ya tambaya ko akwai wancan littafin da ya ga ina rubutu a ciki, don shi ma yana wurin ranar, a bayan ubansa. Na ce babu shi.

Na ce zan bi shi in ba da shaida da bakina. Bayan kwana biyu muka shiga mota zuwa Zurmi, daga nan muka hau kabu-kabu. An taru a ƙofar gidan mai gari, tabarmi kamar na da, amma fuskokin rabinsu ban san su ba. Aka karanta takardar. Wani malamin makaranta ya fassara, ya zo kan harafi ukun nan ya ce "da sauransu", wani a baya ya yi dariya, aka harare shi.

Mai gari yaro ne a kan ubansa, amma yana da natsuwa. Ya ce ɗan dattijo ya faɗi hanyar, ya faɗa. Wani daga cikin masu gonakin ya ce da girmamawa, shi mai shanu ne, dole ya faɗi inda ya fi masa daɗi. Tsamiyar an sare ta an yi gawayi tun shekarun baya, suri kuwa a filin nan akwai fiye da goma. Tsofaffin da suka ce "haka ne" a wancan zama, biyu sun rasu, ɗaya yana Gusau wurin ɗansa, ɗaya yana nan amma ba ya gane ko 'ya'yansa. Sai aka juyo kaina.

"Malam sakatare, kai ka rubuta. Mi ac cikin 'da sauransu' ɗin ga?"

Na ce akwai kuka, akwai tsohuwar rijiya, akwai gawo, akwai dutse.

"Kukar, hanya ta bar ta gabas ko yamma?"

Na buɗe baki. Na tuna yadda dattijon ya ɗora sanda a gwiwa, na tuna benci yana cizona, na tuna ciwon hannuna. Gabas ko yamma kuwa babu. Da na so, da na kalli ɗan dattijon na karanta amsar a fuskarsa, kuma na san ita ce gaskiya. Amma an sa ni na yi alwala don rantsuwa kafin in zauna, an kuma tambaye ni abin da na tuna ne. Na ce ban tuna ba.

Mai gari ya yi shawara da na kusa da shi. Ya ce takarda ta tabbatar akwai burtali, wannan babu musu, amma ba ta faɗi ta inda ya bi ba, shi kuma ba zai tuge shukar marasa gida a kan abin da ba a rubuta ba. Ya ba da wata siririyar hanya ta gefen kwazazzabo. Kowa a wurin ya san ko jaki da kaya sai ya karkace kafin ya wuce ta. Ɗan dattijon ya yi godiya, ya ce Allah ya ƙara wa mai gari lafiya.

Ya rako ni inda ake hawa kabu-kabu. Babu ko ɗaya, muka zauna a inuwar wani shago da aka rufe. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce babu komai, haka Allah ya so, kuma ya faɗe ta ne yadda ake faɗa wa wanda ya taka maka ƙafa a sahu. Ya ce bayan kaka za su tashi, akwai dangin uwarsa can bayan Shinkafi, ta wajen iyaka. Tsohuwar za a lallashe ta.

Kwafin takardar yana hannuna, na rasa abin da zan yi da shi. Na ce ya sake faɗa mini hanyar. Ya dube ni kamar zai tambayi amfanin hakan, sai kuma ya gyara zama.

"Daga tsamiya, ka bar suri ga dama. Ka miƙe har marke biyu, ka bi tsakaninsu. Ka bar kuka mai rami ga yamma, taki ashirin. Tsohuwar rijiya ga hagu. Dutcen da anka kafa, shi na iyaka da gonar gidan maƙera. Daga nan faƙo, shanu goma na jerawa. Gawo mai karyayyen reshe ga dama. Ka gangara ta bakin hwadama, nan sai biyar-biyar. Sai mashaya."

Na ciro biro, na ɗora takardar a gwiwa ina rubutawa da Hausa yadda ya faɗa. Ban juya bayanta ba, don a ƙasan shafin, tsakanin layin ƙarshe da sa hannun ciyaman, akwai fili fari da ya kai faɗin tafin hannu. Ni na bar shi a wancan lokaci, don rahoton ya yi kyan gani. Na rubuta tun daga tsamiya har mashaya, kowace alama da layinta, ban rage ko kalma ba. Da na gama na duba, akwai sauran wurin layi biyu.

Na miƙa masa. Ya riƙe takardar da hannu biyu, ya dubi rubutun biron, ya dubi na tafireta a sama.

"Ashe da ta shiga," ya ce.

Na ce da ta shiga.

Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Kabu-kabu ya zo, ya riƙe mini jakata har na hau.